Ɗakin Ranar Alhamis

Ranar Alhamis ce kaɗai Mama Liatu take da ɗaki a gidan da mijinta ya mutu ya bari, shi ma daga ƙarfe uku ne zuwa biyar da rabi na yamma.

Da biyu ta gota za ta ji ƙarar mashin ɗin ɗanta Ɗanlarai a ƙofar gida, ya baro ofis tun kafin a tashi. Ba a jimawa sai matarsa Felicia ta turo ƙofar sito da bokitin ruwan ɗumi, tana toshe hanci da bakin ɗankwali. Ta cuɗa tsohuwar sama-sama, ta shafa mata mai da hoda, ta ɗaura mata zanen zumuntar matan coci wanda aka goge aka adana don wannan rana kawai. Daga nan su cicciɓe ta su ɗora a farar kujerar roba, shi ya kama dama, ita ta kama hagu, su ratsa tsakar gida ta gaban kejin kaji, su shigar da ita ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Su kwantar da ita a gado, su kunna fanka.

Ƙafafun Liatu sun daina ɗaukarta tun bara, amma idonta garau yake, hankalinta kuma bai je ko'ina ba. Ta san ɗakin nan fiye da yadda ta san tafin hannunta. Shi ne ɗakin farko da marigayi ya gina tun unguwar Yelwa tana gonaki, a ciki ta shekara arba'in da ɗaya, a ciki ta haifi wanda yake gyara mata filo yanzu.

"Mama, kin dai tuna ko?" in ji Ɗanlarai, muryarsa ƙasa-ƙasa. "In sun tambaye ki, lafiya lau. Ba ƙarya nake so ki yi ba. Maganar gida ce, ta tsaya a gida."

"Na ji, Ɗanlarai."

Ƙarfe uku daidai sai ga matan Zumunta, ƙungiyar matan cocinsu. Al'adarsu ce kowace Alhamis su zaga gidajen 'yan'uwan da ciwo ko tsufa ya hana zuwa sujada, su yi musu waƙa da addu'a. Su goma sha biyu ne ko fiye, duk cikin zane iri ɗaya, ɗauke da tulun da suke bugawa in za su yi waƙa. Gabansu Matta, shugabarsu, wadda suka shekara talatin suna zama benci ɗaya da Liatu a coci. Su cika ɗakin, wasu a bakin gado, wasu a tabarma.

"Kai, Yaya Liatu, ke kam kin haifi ɗa!" wata za ta ce tana shafa labule. "Dubi ɗaki kamar na amarya."

"Dattijo Ɗanlarai ai ba a magana," wata ta amsa. "Da 'ya'yanmu za su yi koyi da shi, da tsufa bai zama abin tsoro ba."

Ɗanlarai yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙirji, kai a sunkuye, yana cewa alherin Ubangiji ne, shi ba komai ba ne. Felicia tana zagayawa da zoɓo mai sanyi. Liatu kuwa ta yi murmushi, ta ce lafiya lau, jiki da sauƙi, an gode Allah.

Su yi waƙa, su yi addu'a, su tafi. Kafin muryoyinsu su ɓace a kwanar layi, farar kujera ta dawo. A kwance zanen zumunta, a mayar mata da tsohon da ta kwana da shi, a yaye zanen gadon a jiƙa shi a baho, a datse ɗakin da kwaɗo. Sai kuma wata Alhamis.

Abin bai zo da faɗa ba. A taron farkawa ne, coci ya cika maƙil, mai wa'azin da ya zo daga nesa ya yi magana a kan karɓar baƙi, sai Ɗanlarai ya miƙe gaban jama'a ya ɗaga hannu, ya ce ya keɓe ɗaki mafi kyau a gidansa don bayin Allah masu zuwa wa'azi. Aka yi tafi, mata suka yi guɗa. Kowa ya ɗauka wani ɗakin ne dabam. Ɗaki mafi kyau a gidan kuwa na uwarsa ne. Washegari ya durƙusa gabanta ya ce ta yi haƙuri ta koma sito na sati biyu, kafin ya sa a gina mata wani a gefe. Wata uku bayan haka aka zaɓe shi dattijon ikilisiya, ya shiga sahun shugabannin cocin. An kai wata takwas yanzu, ko bulo ɗaya ba a sauke ba, bayin Allah kuma sau uku suka taɓa kwana a ɗakin.

Siton yana can ƙarshen gida, manne da katanga. Nan Felicia take tara buhunan dusa da abincin kajinta. Babu taga, sai wani ɗan rami a sama inda bulo ɗaya ya fita. An shimfiɗa katifa a ƙasa tsakanin buhuna, an ajiye fo a gefe da kofin ruwa. Da bazara ta kama, kwanon rufin ya riƙa gasa ta tun daga hantsi. Bauchi a watan huɗu ko mai fanka kuka yake yi, balle wadda ba ta iya jan jiki ta fita inuwa. Ƙurar dusa ta shige mata ƙirji, tari ya kama ta. Ɓeraye suka saba da ita har suna bi ta kan ƙafafunta da rana tsaka, ita kuma ba ta jin su, sai dai ta gan su.

Wata safiya ta tare ɗanta da ya leƙo gaishe ta. Daga bakin ƙofa yake gaisuwa, don kada warin wurin ya kama masa kaya.

"Ɗanlarai, shigo mana. Ɗakin nan a kulle yake, ba kowa ciki. Ka bar ni in riƙa kwana, in baƙo zai zo sai ku fitar da ni."

"Haba Mama! Abin da aka ba Allah a karɓe? A gaban jama'a fa na yi alkawari. So kike in zama mai wasa da bagadin Allah?"

"Ni ban ce ka karɓe ba. Aro nake roƙo."

Ya yi ajiyar zuciya, ya gyara tsayuwa irin ta mai shirin wa'azi. "Mama, ke da bakinki kika koya mana cewa duniya ba gidanmu ba ce. Baƙi ne mu, masu wucewa. Gidanmu yana sama. To mene ne ɗaki? Bulo ne da siminti. Yau a ce ke ce kike riƙe abin duniya haka, wallahi abin ya ba ni mamaki."

Gaskiya ne, ita ta koya masa. A bakin murhu ta koya masa, lokacin da ubansa ya rasa aiki suna kwana da ruwan kunu. Ba ta taɓa zaton zai adana maganar shekara talatin ya zaro ta ya kulle mata ƙofa da ita ba. Abin ya yi mata ciwo fiye da zafin kwano.

Felicia ita ba ta wahalar da kanta da wa'azi. "Mama, ke ba ki san halin da jikinki yake ciki ba ne. Katifar can sabuwa ce. In kika ɓata ta, a ina za mu kwantar da bawan Allah? Kuma nan ɗin ai ya fi miki, kin fi kusa da bayi." Tana faɗa tana auna dusa a kwano, ƙurar tana tashi tana sauka a fuskar tsohuwar.

Bangaskiyar Liatu ba ta girgiza ba, wannan kam a faɗa. Idonta ba ya ganin rubutu a duhun sito, amma abin da ta haddace ya ishe ta. Kullum da asuba in ƙararrawar coci ta buga, sai ta jingina da buhu ta yi magana da Ubangijinta kamar yana zaune a kan buhun da ke kusa. "Yesu, na san ka shirya mini wuri, ban taɓa shakka ba. Wurinka ba ya yoyo, ba mai kulle shi. Amma kafin in iso, ka taɓa zuciyar yaron nan. Ba mugu ba ne, yabon mutane ne ya yi masa daɗi. Ka ba ni tagata in ga haske." Ta yi wa Ɗanlarai addu'a, ta yi wa Felicia, ta yi wa bayin Allah da za su kwana a gadonta, kada a lissafa musu abin da ba su sani ba.

Bayan katangar akwai Fati, maƙwabciyarsu mai tuyar awara. Ita ta fara jin tarin. Wata rana ta taka turmi ta leƙo ta ramin bulon, ta jima tana kallo kafin idonta ya saba da duhun.

"Innalillahi! Mama, ke ce a nan? Ni fa na ɗauka akuya ce mara lafiya aka ɗaure!"

"Ni ce, Fati. Rage murya."

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ga gorar kunun tsamiya tana saukowa ta ramin da igiya, wani lokaci da awara a leda. Kwana tara aka yi haka. Rana ta goma Felicia ta shigo ɗibar dusa, gorar ta sauko a gaban hancinta. Ta ɗebi dusarta ta fita. Da yamma Ɗanlarai ya zo da kansa da bulo da kwaɓaɓɓen siminti a kwanon sarki.

"Mama, kin tona mana asiri a wurin waɗanda ba namu ba. Yanzu me za su ce game da masu bi? A ce uwar dattijo ce ake jefa wa abinci ta rami? Sunan Ubangiji kike so a zaga a unguwa?"

"Ka bar mini ramin, Ɗanlarai. Ta nan kaɗai iska take shigowa."

"Sauro ma ta nan yake shigowa," in ji shi, ya ɗora bulon ya shafe.

Damina ta sauka. Ruwan farko ya zo da la'asar, ya nuna duk inda kwanon ya huje. Felicia ta shigo a guje da leda babba, ta lulluɓe buhunan dusa tsaf, ta fita. Liatu ta ja katifarta da hannu iya ƙarfinta, ba ta matsa ba, ta zauna ruwa yana ɗiga a kafaɗarta har ya ɗauke. Da marka ta yi ƙarfi aka ce 'yan tsaki suna mutuwa da sanyi a keji, sai aka shigo da su sito, guda ɗari, aka kewaye su da kwali, aka ajiye musu kaskon gawayi. Hayaƙi ya haɗu da ƙura, tarin ya koma yana fitowa da abin da ba ta son kallo. Bayanta ya fara salewa saboda kwanciya a damshi.

Amma ran Alhamis a yi mata wanka, a shafa hoda. Hodar ce ma aka ƙara.

Abin da ya fi cin ranta a kwanakin nan ba ciwon ba ne. Kalmar nan ce, lafiya lau. Kowane mako tana kwance cikin zanen zumunta, 'yan'uwa suna kiran sunan Yesu a kanta, ita kuma tana yi musu ƙarya da murmushi. Ta ce wa kanta rufin asirin ɗa ne. Daga baya ta ga ashe taya shi take yi. Sai ta fara tunanin Matta. Matta ce ta riƙe ta ranar da aka binne maigidanta. Matta ba ta tsoron kowa, ta taɓa tsayawa gaban majalisar dattawa a kan wata gwauruwa da dangin miji suka kwashe wa kaya. In Matta ta ji, kafin Lahadi an buɗe kwaɗon nan. Da wannan tunanin ta yi kwana shida tana ƙirga ƙararrawar asuba.

Alhamis ta zo. Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Da mata suka miƙe, Liatu ta kama bakin zanen Matta.

"Matta, tsaya ki gyara mini ɗankwali."

Ɗanlarai da Felicia suka bi sauran don raka su bakin titi. Ɗaki ya rage su biyu. Liatu ta riƙe hannun ƙawarta da hannu biyu, ta yi sauri don ta san lokacin kaɗan ne.

"Matta, ba nan nake kwana ba. Wata goma ke nan. A sito nake, cikin dusa da kaji. In za ku zo ne ake kawo ni, kuna fita a mayar da ni. Ɗaga rigata ki ga bayana."

Matta ba ta ɗaga rigar ba. Ba ta firgita ba, ba ta dafe ƙirji ba. Ta dubi ƙofa, ta zauna a bakin gado a hankali, ta sunkuyar da kai.

"Mun sani, Yaya Liatu."

"Kun sani?"

"Tun watan biyu. Mu mata ne fa. Ɗakin da mutum yake kwana ba ya ɓuya. Nan babu takalminki, babu matsefi, babu ko ƙullin magani. Kanki kuma warin dusa yake yi, hoda ba ta rufe shi."

Liatu ta saki hannun. Ta ji kamar an zare ƙasa daga ƙarƙashin gadon. "Duk ku sha biyun?"

"Duka."

"Kuma kuna shafa labule kuna cewa na haifi ɗa?"

"To me za mu ce? Ki duba mana, Yaya. Dattijo ne. In maganar nan ta fita, ba shi kaɗai zai sha kunya ba, ikilisiya ce gaba ɗaya. Kin san garin da muke, ido a kanmu yake, abu kaɗan ya faru a ce ga halin Kirista. Ga taron cocin gunduma yana zuwa, a gidan nan babban baƙo zai sauka." Ta share ido da gefen zane. "Kada ki ce ba mu damu ba. Sauran marasa lafiya sau ɗaya a wata muke zuwa musu. Ke kuwa ba mu taɓa tsallake ki ba. Mun zauna mun yi shawara, muka ce in muna zuwa kowane mako, ko ba komai za a yi miki wanka, ki sha iskar fanka awa biyu. Abin da muka iya ke nan."

"Matta, ni ɗakina nake so."

"Ki yi haƙuri. Saura nawa ne? Mu duka masu wucewa ne. Ladanki yana can yana jiranki."

Takun Felicia ya doso. Matta ta miƙe da sauri, ta ja ɗankwalin Liatu ta gyara shi, ta ɗaga murya ta ce, "Yauwa, yanzu ya zauna. Allah ya ƙara sauƙi, sai wani makon!"

A makon nan Liatu ba ta yi magana da kowa ba sai Ubangijinta. Ta yi kuka, kuka mai yawa, irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar maigidanta. Ashe duk wannan wankan da hodar ba don a ɓoye wa kowa komai ba ne. Kowa ya sani. Ana yi ne don kowa ya samu damar cewa bai gani ba, ita kuma ita ce take ba su damar da bakinta. Ranar Laraba da asuba ta ce, "Yesu, ka gafarta mini lafiya lau ɗin da na yi ta faɗi. Ba zan ƙara ba."

Da Felicia ta shigo da bokiti washegari, ta tarar da tsohuwar ta cusa hannu biyu cikin igiyar da aka ɗaure buhunan dusa, ta riƙe gam.

"Ba za ni ba."

"Mama, mene ne haka kuma? Biyu da rabi fa ta yi."

"Su zo su same ni inda nake."

Felicia ta ƙwala wa mijinta kira. Ɗanlarai ya zo da farar kujera a hannu, yau kam har cikin siton ya shigo. Ya fara da lallashi, ya durƙusa, ya kira ta uwa mai albarka. Ya yi alkawarin bulo ranar Litinin. Da ya ga ba ta saki igiyar ba sai fuskarsa ta canza.

"Mama, Shaiɗan ne yake amfani da ke don ya rushe hidimata. Duk abin da na gina shekara da shekaru, yau kike so ki zubar?"

"Ni ban zubar da komai ba, ɗana. Ƙarya ce na gaji da yi. In wurin nan ya isa uwarka ta kwana, ya isa 'yan'uwa su zauna su yi addu'a."

Ya kama hannunta zai ɓamɓare. Yatsun tsohuwa ne, da ya so da ya karya su, amma ya tuna in ya kai ta da ƙarfi bakinta yana tare da ita. Ya sake ta, ya tsaya yana huci, ya dubi agogo, ya dubi matarsa.

"Fito," ya ce wa Felicia.

Suka fita. Liatu ta ji an ja ƙofa, ta ji an sa sakata ta waje. Duhu ya rufe, sai jan garwashin kaskon 'yan tsaki.

Ƙarfe uku ta ji sallamarsu. Tsakar gidan ba ta da girma, komai yana iso ta. Ta ji muryar ɗanta, a natse, cike da ladabi.

"Iyayena, ku yi haƙuri ban aika muku ba. Jiya da yamma ƙanenta ya zo ya tafi da ita ƙauye, wai akwai mai maganin ƙafa a can. Mun so mu hana, amma kun san Mama da son gida."

Sai muryar Matta: "To, Allah ya sa a dace. Tunda mun riga mun zo, bari mu yi mata waƙa da addu'a, duk inda take Ubangiji yana ganinta."

Ta ji an shimfiɗa tabarmi a baranda. Ta ji an fara buga tulu a hankali. Suka ɗauko waƙar da aka fi yi wa marasa lafiya, wadda take maganar gidan da ke can, inda ba kuka ba ciwo. Shekara ashirin Liatu ce take ba da wannan waƙa a zumunta, sauran suna amsawa. Ba ta shirya yin komai ba. Da suka zo inda mai bayarwa take shiga, bakinta ne ya buɗe da kansa.

Muryar ta tsufa, tari ya cinye rabinta, amma babu mace ɗaya a barandar da ba ta san ta ba. Ta fito ta ƙarƙashin ƙofar sito, ta ratsa kukan 'yan tsaki, ta iso su sarai.

Waƙar ta tsinke. Tulu ya yi shiru.

Liatu ta ci gaba ita kaɗai, tana jan baitin da sauran numfashinta, idonta a kan ƙofa. Taku goma sha biyar ne daga baranda zuwa sakatar nan. Ba kwaɗo, ba makulli, yaro ma zai iya zare ta da yatsa ɗaya. Mata goma sha biyu, duk sun yi baftisma, duk sun sha ruwa a hannunta. Ta kai ƙarshen baitin ta tsaya, tana sauraron wadda za ta fara tashi.

Sai ta ji an buga tulu. Da ƙarfi aka buga shi, bugun da ba a yi wa waƙar marasa lafiya. Ta san hannun Matta. Murya ɗaya ta ɗauka, biyu suka bi, sai duka suka ɗauka gaba ɗaya da iyakar ƙarfinsu, har da tafi. Felicia ma ta shiga. Liatu ta ƙara ɗaga tata, tari ya sarƙe ta, ta dafe ƙirji ta kife a kan katifa. Ba su sassauta ba sai da suka tabbata babu abin da ke fitowa daga ƙarshen gidan.

Suka yi doguwar addu'a, suka roƙi Ubangiji ya kiyaye 'yar'uwarsu a ƙauye, ya sa wa Dattijo albarka saboda yadda ya riƙe uwarsa. Suka sha zoɓo suka tafi.

Daga ranar ba su sake zuwa ba, tunda ba a ziyartar wanda ya yi tafiya. Da ziyara ta ƙare, wankan Alhamis ma ya ƙare. Sakatar waje kuma ta zauna, domin wadda take ƙauye bai kamata a gan ta a Yelwa ba. Sau biyu a rana Felicia take zarewa, ta ba kaji, ta ba tsohuwa, ta mayar. Babban baƙon taron gunduma ya zo ya kwana uku a ɗakin da ke kallon titi, ya yaba da karamcin gidan a gaban jama'a.

Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta tuwo. In ka tambayi kowannensu zai ba ka dalili, kuma dalilin da sunan Allah a ciki. Sun ɗauki begen da tsohuwa ta rayu a kansa, sun mai da shi hujjar ƙwace mata ɗan wurin da za ta jira cikarsa. Ita ta yarda baƙuwa ce a duniya, ba ta taɓa musu ba. Su ne suka manta cewa baƙuncin nata a hannunsu aka ba da shi.

Lasifikar cocin tana kaiwa har siton in iska ta juyo. Ran Lahadi da safe Liatu tana kwance, ba ta iya jingina da buhu kuma, ta ji ana karanta sanarwa. Muryar ɗanta ce, shi ne mai sanarwa a wannan watan.

"Sai kuma mahaifiyarmu, Mama Liatu, wadda har yanzu take ƙauye wajen magani. Mu ci gaba da tunawa da ita cikin addu'a, Ubangiji ya dawo mana da ita gida lafiya."

Jama'a suka amsa da babbar murya. A cikin duhu, tsakanin buhunan dusa, leɓunan tsohuwar suka motsa.

"Amin," in ji ta.